Tukwane Tara da Kwalba Ɗaya

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Kilo uku. Daga Juma'a zuwa yau Baba ya ƙaru da kilo uku, kuma duk ruwa ne. Nas ɗin nan da muke kira Mai Sikeli, don ita ke auna marasa lafiya kafin a ɗora su a kan injin wankin ƙoda, ta dube ni ta saman tabarau a gaban mutane ta ce, "Ke ce mai kula da shi?" Na ce ni ce. Ta ce, "To, ba kya kula da shi." Na haɗiye abin da ya zo mini baki saboda Baba na zaune.

Ruwa kwalba ɗaya likita ya yanka masa a yini. Na ja mata layi da jan biro, rabin lita da ɗan ɗori. Shayinsa a ciki, ruwan haɗiye magani a ciki, ko romo zan ba shi sai na rage daga ciki. Wata huɗu ke nan ina aunawa kamar mai sayar da turare. Ya roƙa in hana shi, in shiga kicin in tsaya har ya yi shiru. Ni kaina ba na shan ruwa a gabansa, sai na rufe ƙofa kamar ɓarauniya. Sai ga wadda ba ta taɓa taka gidanmu ba tana gaya mini ba na kula.

Na sayi littafin nan don in riƙa rubuta abin da ya sha ne. Ga shi shafin farko ya tafi a masifa.

Laraba, 5 ga wata, bakwai da rabi na safe

"Auta, cika mini butar." Kullum da ita muke buɗe gari. Koriyar butar roba ce mai dogon baki, tana cin lita biyu, da ita yake ba shukokinsa ruwa. Shekara arba'in Baba yana sayar da shuke-shuke a bakin titi. Da jiki ya ƙi, Yaya ya tashi rumfar, Baba ya zaɓi tukwane tara ya ce su kam ɗakinsa za su zauna. Suna jere a bakin taga da kan tsohon teburin guga, kowace da sunanta: Takobi, Kunnen Giwa, Mai Jan Ciki da ke bin igiyar labule, na'a-na'a biyu, da sauransu. Likita ma ya ce a bar masa su, ya samu abin yi.

Tun ina ƙarama na haddace karatunsa. Tukunya ba gona ba ce. A soka yatsa a ƙasar har gaɓa ta biyu, in ta manne a yatsa a ƙyale ta, in ta fito a bushe a zuba har ya ɗigo ta ramin gindi, sannan a zubar da wanda ya taru a faranti. Tukunyar laka ta fi ta roba saurin bushewa, ta bakin taga ta fi ta lungu. Duk wanda ya saya sai ya gaya masa waɗanda suka kashe shuka da ruwa sun fi waɗanda suka kashe ta da mantuwa yawa.

Shi ya sa na ce, "Baba, ba kai ka ce Takobi sai ya yi sati uku ba ya neman ruwa ba? Ina kake kai lita biyu kullum?"

Ya ce, "Yau kuma ke za ki koya mini shuka? Fankar nan da kuke bari a kunne ita ke busar da su. Cika ki wuce aikinki, kin makara."

Na cika. Wa ya isa ya yi wa Baba gardama a kan tukunya.

Alhamis, 6 ga wata, biyu na rana

Ƙafafunsa sun ƙi shiga silifas.

Juma'a, 7 ga wata, bakwai na yamma

Kilo biyu da rabi. Yau Mai Sikeli ta rubuta da ƙarfi har biro ya huda takarda.

Yaya ya kira bayan mun dawo. Sati na uku ke nan bai raka mu ko sau ɗaya ba, aiki ya yi masa yawa, amma yana da lokacin tambayata ko ina aunawa daidai. Wai ko tausayi ke sa nake ƙara masa. Na ce, "Yaya, in ka fi ni iya awo ga kwalbar nan, ga ɗakin nan." Ya ce ni matsalata ke nan, ba a mini magana. Na kashe wayar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai ni wannan yoyon ban san ta ina yake ba, kuma shi ke hana ni sukuni.

Lahadi, 9 ga wata, sha ɗaya na safe

Na zauna na yi tunani. Daga takwas zuwa ɗaya ina shagon wanki da guga, ina karɓar kaya a kanta. A tsakanin nan mutum ɗaya ke shiga wurin Baba, matar Yaya, da ke zuwa ƙarfe goma ta ba shi magani ta ɗan taya shi hira. Mace ce mai sanyin hali, irin wadda ko kyanwa ta yi mata kuka sai ta ba ta abin da ke hannunta. Kuma kullum da gorar ruwan sanyi a jakarta, ina jin ƙarar ƙanƙara idan ta ajiye.

Ruwa ba ya tsami banza.

Litinin, 10 ga wata, bakwai da kwata na safe

Na kulle kicin, mukulli na jaka. Na kwance kan famfon banɗaki, shi ma yana jaka. Bokitin da na bar masa a banɗaki na barbaɗa masa garin sabulu daga shago. Ina motsawa ina jin kunyar kaina, ubana nake wa wannan. Ya ga kumfar. Da zan fita ya ce in cika masa butar, na cika na ajiye a gindin gado.

Talata, 11 ga wata, uku na yamma

Na roƙi mai shago ya bar ni na dawo sha ɗaya. Na sami matar Yaya zaune a bakin gado, gorar na kan cinyarta, Baba na kallon gorar kamar yadda yaro ke kallon alewa. Ban ko yi sallama ba.

Na ce, "Anti, buɗe gorar nan in ga inda ruwan ya tsaya."

Ta ce, "Ni na sha a hanya, wallahi. Ko ɗigo ban taɓa ba shi ba."

Na ce mata abubuwa. Na ce in kashe shi take so ta faɗa, mu huta da jigila. Na ce tausayin banza ya fi mugunta. Ta tashi tana kuka, ta bar ma mayafinta a kan kujera. Duk wannan abin Baba na kwance ya juya fuska bango, kalma ɗaya bai ce ba. Na ɗauka shirun nasa na wanda aka kama ne tare da abokin laifi.

Yaya ya aiko saƙo: daga yau ba za ta ƙara zuwa ba. Madalla.

Alhamis, 13 ga wata, sha biyu na rana, a shago

Tun safe tururi ke dukana, injin wanki na zubar da ruwa a kwata kamar ba a san darajarsa ba. Wani mutum ya tsaya a kanta yana mini ihu a kan maɓallin riga, yana shan ruwan leda, ya sha rabi ya jefar da sauran a ƙofa. Na bi ledar da kallo har ya tambaye ni ko lafiya. Ban san na ƙone wuyan rigar wata ba sai da mai shago ya fizge dutsen guga daga hannuna.

Jiya kilo uku da ɗori. Anti ba ta zo ba, kicin a kulle, famfo ba kai. To ta ina?

Litinin, 17 ga wata, tara na safe

Ina bencin asibiti. Da gari ya waye numfashinsa ya koma kamar ana hura balo a cikin ruwa. Sun karɓe shi. Yaya ya zo, bai kalle ni ba.

Talata, 18 ga wata, huɗu na yamma

Sai na rubuta wannan.

Na dawo in ɗauko masa kaya, na ce bari in share ɗakin tunda ba kowa. Na sa hannu biyu zan ɗaga Kunnen Giwa daga kan tebur, don na san nauyinta, sai ta taso kamar kwali har na kusa faɗuwa baya. Na duba. Saman ƙasar baƙi ne kamar mai danshi. Na soka yatsa, ƙasa da gaɓa ɗaya ƙura ce zalla. Ƙasar ta janye daga jikin tukunyar, ana iya zura cokali a tsakani. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, duk taran. Na'a-na'a kuwa Baba ya juya ɓangaren da ya ƙone zuwa bango, ya tsinke busassun ganye ya cusa a ƙarƙashin katifa, na same su cike da hannu biyu.

Yayyafi yake musu da yatsu, don saman ya yi duhu in na leƙo. Sauran yana shanyewa. Lita biyu kullum, daga butar da ko wanke ta ba a yi, wadda ake jiƙa taki a ciki.

Ni nake cika ta. Da hannuna, kowace safiya, bayan na gama auna masa kwalbarsa har layi. Na kulle kicin, na zuba sabulu a bokiti, na kori baiwar Allah da kuka, sannan na ɗauki lita biyu na ajiye masa a gindin gado na ce sai na dawo. Kuma na sani! Tun ina shekara bakwai na san ba shukar ɗaki da ke shan ruwa kullum. Na faɗa ma da bakina. Ya ɗaure mini fuska sau ɗaya na yi shiru, don shi ne Baba kuma maganar tukunya ce. Da maganar magani ce da na duba sau goma.

Na jefa butar da bango. Roba ce, ko tsagewa ba ta yi ba.

Laraba, 19 ga wata, takwas na safe

Ban je wurinsa ba. In na je zan faɗi abin da ɗiya ba ta faɗa wa uba.

Juma'a, 21 ga wata, biyar na yamma

Sun sallamo shi. Na jira Yaya ya tafi, na ɗauko tukunyar na'a-na'a na ɗora masa a cinya. Ya ɗaga ta kaɗan, ya ajiye. Shi ya koya mini gane ƙishin tukunya da nauyinta, ba sai na yi bayani ba.

Na ce, "Baba, kana kwance na ci mutuncin matar ɗanka, ka yi shiru."

Ya ce, "Na yi."

Na ce, "Ana zagina a asibiti kana ji."

Ya ce, "Ina ji." Sai ya shafa busasshen reshen da babban yatsa. "Auta, kin taɓa jin ƙishin da harshe ke manne wa dasashi, ki yi mafarkin famfo da rana tsaka? Shekara arba'in ban bar shuka ta wuni da ƙishi ba. Ranar farko kurɓi ɗaya na yi, na ce ai Takobi zai haƙura. Daga nan kullum sai in tsaya da butar a kansu, su suna so ni ina so." Sannan ya ce, "Ki duba abin da na yi musu."

Su yake jin kunya. Ba ni ba, ba Anti ba, ba huhunsa da ya cika ba. Ciyayi! Na fita na bar shi don kada in fashe. A bakin ƙofa na tsaya na yi kukan da ban yi niyya ba, kuma har yanzu haushinsa nake ji.

Asabar, 22 ga wata, goma na safe

Na ɗauki kofi zan zuba wa Kunnen Giwa, ruwan ya bi gefe ya zube a faranti nan take. Daga kan gado ya ce, "Ba haka ba. Ƙasar da ta bushe ƙamas ba ta karɓar ruwa ta sama. Cika baho rabi, ki tsoma tukunyar, ki bar ta har kumfa ta daina tasowa. Sannan ki fitar ta tsane. Takobi kada ki tsoma shi, shi kofi ɗaya ya ishe shi."

Na yi a baranda, na ja ƙofa don kada ya gani. Amma yana jin ƙarar. Duk tukunyar da na tsoma sai ta yi ta ɓul-ɓul tana sha, shi kuma yana ciki ya yi tsit. Da na shigo na ga maƙogwaronsa na motsi. Na ba shi ƙanƙara ɗaya ya tsotsa, na rage daga kwalba.

Butar tana kan rufin kicin. Daga yau ni ke ba su, Laraba da Asabar nake dubawa, wadda ta nema kawai.

Lahadi, 23 ga wata, biyu na rana

Na kai wa Anti mayafinta, wanke da guga. Na durƙusa a tsakar falonta na ce na bar jaki na daki taiki, ta yafe mini. Ta ɗaga ni tana cewa ya wuce. Sai ta ce ita ma ta lura butar na ƙarewa da wuri, amma ta ga ai Baba ya fi kowa sani. Da na ji haka har dariya ta kuɓuce mini, mu biyu manyan mata.

Yaya na jin komai daga ƙofa. Abin da ya samu ya faɗa shi ne, "To wa ke cika masa butar?" Allah ya sa Anti ta riƙe mini hannu.

Laraba, 26 ga wata, shida da rabi na yamma

Kilo ɗaya. Mai Sikeli ta ce, "Yauwa, yanzu kika fara aiki."

Uku sun mutu: na'a-na'a duka biyu da wata ƙarama mai jan ganye. Mai Jan Ciki ta zubar da rabin ganyenta amma tana nan. Takobi ko a jikinsa.

Juma'a, 28 ga wata, bakwai na safe

Ba ya roƙo yanzu. Da yana roƙo ina jin haushi, yanzu ya daina ina jin wanda ya fi shi. Leɓensa ya tsattsage, ina shafa masa mai. In na miƙa masa kasonsa na safe sai ya riƙe a baki ya daɗe kafin ya haɗiye, idonsa a rufe. Ba ya kallon taga. Na ce masa Kunnen Giwa ta fito da sabon ganye, ya ce, "To."

Litinin, 31 ga wata, shida na yamma

Kilo ɗaya ba ɗori. Sun cire shi daga inji kafin lokaci, wai jininsa ya sauka. Na ce ai nauyin daidai yake.

Alhamis, 3 ga sabon wata, ɗaya na rana

Na yi komai daidai. Ina so a rubuta wannan a wani wuri. Sati biyu ko ɗigo bai wuce layi ba.

Talata, 8 ga wata, huɗu na yamma

Likita ya kira ni da Yaya ƙaramin ofishin nan mai kujera uku da kwalin tishu a kan tebur. Ya yi magana mai tsawo a hankali. Ba zan rubuta ta ba. Yaya ya yi ta gyaɗa kai yana murza mukullin mota.

Da muka miƙe na tambaya, gobe ƙarfe nawa za mu kawo shi. Likita ya dubi Yaya. Na ce to ruwan fa, a ci gaba da kwalba ɗaya ko a rage? Ya cire tabarau ya ce, "Ki bar shi ya sha abin da ransa ke so."

Na ce, "Kamar yaya? Ku kuka ce zai kashe shi." Har muryata ta fita waje. Wata biyar kuna sa ni gadin famfo a kan ubana, yau kuma da baki ɗaya a ce in bar shi. Yaya ya kama kafaɗata, karo na farko tun da aka fara wannan abu. Mai Sikeli na tsaye a baranda da muka fito, ta matsa ta ba ni hanya, ta ce, "Sannu, ƙanwata." Gara ma ta zage ni.

Laraba, 9 ga wata, goma na safe

Ban je shago ba. Na wanke babban kofin gilashi na baƙi, na cika shi har baki, na sa ƙanƙara uku. Sau biyu hannuna na kai wa kwalbar awo ina dawo da shi.

Na shiga na tayar da shi zaune, na jingina shi da filo. Ya dubi kofin, ya dube ni. Baba ba yaro ba ne. Bai tambaye ni abin da likita ya ce ba, ni ma ban faɗa ba.

Ya ce, "Duka?"

Na ce, "Duka. In ka shanye akwai wani."

Ya karɓa da hannu biyu, na tallafa masa gindin kofin. Ya yi kurɓi ɗaya ya lumshe ido. Ya yi na biyu. Na uku sai da ya huta kafin ya haɗiye. Sannan ya ture kofin a hankali ya ce, "Alhamdu lillahi. Na ƙoshi, Auta."

Na ce ya ƙara ko kaɗan ne. Na roƙe shi. Ni, ni nake roƙonsa ya sha. Ya girgiza kai ya ce ba ya shiga, in kwantar da shi.

Wata biyar ina masa rowa, ashe kurɓi uku ne ya rage masa. Kofin na nan a hannuna, ƙanƙarar ta narke, har yanzu ban iya ajiye shi ba.